Fenti ya ƙi bushewa, mashi ya lanƙwashe: 'yan dodannin roba da zafin Sakkwato

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Mabera. Wana da ke karatu a Ingila ya zo hutu ya bar mini kwali guda na 'yan mutum-mutumin roba na wasan yaƙi na kan tebur: dodanni masu fukafukai, wani mai kan bijimi, da tarin sojoji. Wasu farare ne masu lanƙwasuwa, wasu ruwan toka ne manne a jikin firam ba a haɗa su ba. Na fesa wa fararen fentin gwangwani irin na masu gyaran mota, yau sati biyu yana danƙo bai bushe ba. Biyu kuma na manta da su cikin mota, masunsu suka lanƙwashe. Shin zafin garin nan ne ba su iya ɗauka? Mi ya kamata in yi? Sannan Baba ya gan su ya ce ba ya son gumaka cikin gida nai."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayoyi uku ka ƙulle a tsumma ɗaya: abin da ya hana fenti bushewa, ko robar za ta jure yanayinmu, da kuma maganar Baba. Biyun farko tushensu ɗaya ne, kuma rana ba ita ce babbar mai laifi ba. Roba iri biyu ce a cikin kwalin nan, kowace da halinta, kai kuma ka yi musu kuɗin goro. Na haura shekara goma ina haɗa waɗannan abubuwa ina yi musu fenti a garin nan, kuma kusan duk ɓarnar da na gani, tawa da ta abokai, daga rashin bambance robar ta samo asali.

Kafin mu shiga gyara, yana da kyau ka san abin da ke hannunka. Wasan yaƙi na kan tebur hafsoshin soja suka fara shi da gaske: a 1824 rundunar Furushiya, wadda wani ɓangare na ƙasarta yake cikin Jamus ta yau, ta karɓi wani wasan taswira don koya wa hafsoshi dabarun yaƙi. Daga nan ya gangaro hannun farar hula masu tara sojojin dalma. Dodanni sun shigo ne a farkon shekarun 1970 a Amurka, lokacin da Gary Gygax ya ƙara ƙa'idojin mayu da ƙattai a wani wasan yaƙin zamanin da, sannan shi da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi guda ɗaya maimakon runduna. A Ingila kuwa, kamfanin Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975, wanda yanzu yake birnin Nottingham, ya fitar da wasan runduna mai suna Warhammer a 1983. A wancan lokacin da ƙarfe mai haɗe da dalma ake zuba 'yan mutum-mutumin, har aka fara gudun dalmar a farkon shekarun 1990 saboda illarta ga lafiya. Roba ta mamaye harkar ne saboda lissafi mai sauƙi: sassaƙa mazubin ƙarfe na roba yana cin kuɗi sosai, amma da zarar an yi shi, sai a yi ta buga dubbai a kan araha.

Robar toka da farar roba

Masu ruwan tokan nan da ke manne a firam, folistarin ne mai tauri. Idan ka ƙwanƙwasa shi da farce za ka ji ƙara kamar ta murfin biro, idan ka matsa masa kuma karyewa zai yi, ba lanƙwasa ba. Shi ne ya fi fitar da zane dalla-dalla, har ƙwayar sulke da gashin gemu. Gam ɗinsa na musamman ne, wani ruwa mai kaifin wari wanda ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, kamar walda. Idan ba ka da shi, sufa gulu na kanti zai riƙe, sai dai haɗin ya fi saurin ɓallewa idan abu ya faɗi.

Fararen kuma PVC ne, dangin robar bututun ruwa, amma an zuba masa wani sinadari mai sa shi laushi. Irin wannan ya yaɗu ne bayan 2012, lokacin da kamfanin Reaper na jihar Texas ya tara sama da dala miliyan 3 ta intanet don buga dodanni masu araha da shi. Amfaninsa a bayyane yake: yaro ya jefar da shi daga kan tebur ba abin da zai same shi, kuma babban dodo da zai yi tsada a ƙarfe sai ka same shi a farashi mai sauƙi. Gam ɗin folistarin ba ya kama shi ko kaɗan, sufa gulu kawai yake ji.

To ga abin da ya faru da naka. Fentin gwangwani na masu gyaran mota yana ɗauke da sinadarai masu ƙarfi da ke narkar da fentin don ya fesu. A kan ƙarfen mota sai su tashi a iska fentin ya daskare. A kan PVC kuwa sai su ratsa cikin robar, su jawo sinadarin laushin nan zuwa sama ya cakuɗe da fentin. Shi ya sa yake danƙo, kuma ko ka shanya shi wata uku a rana haka zai zauna, sai ma ya ƙara kwashe ƙura. Kada ka ƙara jira.

Ka samu kwalba mai murfi, ka zuba Dettol, wannan ruwan kasa-kasa na asali, ba tare da ka sirka shi ba, ka nutsar da su kwana ɗaya ko biyu. Ka sa safar hannu, ka goge da tsohon buroshin haƙori a cikin ruwan maganin. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ruwa ya taɓa su kafin fentin ya gama fita, domin da ruwa ya haɗu da shi sai ya zama wani ƙullu mai yauƙi da ya fi na farko wahalar cirewa. Sai fentin ya fita tas sannan ka wanke da sabulun wanke-wanke. Idan akwai saura a lungunan fukafukai, ka maimaita, ko ka bi da tsinken sakace. Sifirit na kemis ma yana taimakawa. Amma fetur, da tina ta masu fenti, da ruwan goge jan farce, ka nisanta su da kwalin gaba ɗaya. Masu ruwan tokan nan narkewa za su yi a gabanka, fuskar soja ta koma kamar kitsen da aka ɗora a wuta.

Mashin da ya lanƙwashe shi ne mafi sauƙi. Ka tafasa ruwa ka sauke, ka riƙe sojan da cokali ka tsoma shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Sau da yawa za ka ga mashin yana miƙewa da kansa, domin robar tana komawa siffar da aka zuba ta. Idan bai miƙe sosai ba ka daidaita da yatsa, ka riƙe shi a haka ka tsunduma cikin ruwan ƙanƙara. Ruwan randa bai cika isa ba a wannan aikin, gara ka sayi ƙanƙarar leda. Ka bar shi a ciki ya yi sanyi har tsakiya, in ba haka ba bayan kwana biyu zai sake sunkuyawa.

Abin da zafi ke yi da abin da ba ya yi

A watannin Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kowa ya sani. Amma folistarin ba ya fara laushi sai wajen digiri 100, don haka sojojinka masu ruwan toka za su yi shekaru a ɗaki ba abin da ya same su. Matsalar ita ce mota. Motar da aka rufe gilasanta da azahar, saman gabanta inda rana ke duka yana iya wuce digiri 70, kuma a nan PVC ya riga ya saki jiki. Haka ma akwatin da aka ajiye dab da rufin kwano, ko bakin taga ta yamma. Akwai kuma wata roba da ake kira PLA, wadda injunan buga abu mai siffa suke amfani da ita, tana sakin jiki tun wajen digiri 60. Na taɓa barin wata hasumiya da aka buga mini da ita a bayan mota na shiga sallar Juma'a, na fito na tarar ta karkace gefe guda, benenta na sama ya zauna a kan na ƙasa. Ba ta gyaru ba. Tun daga ranar, a tsohuwar kula ta abinci nake ɗaukar kayana idan zan fita da su, a gida kuma ƙarƙashin gado suke, a ƙasa, inda ya fi sanyi.

Inda yanayinmu yake wahalar da mutum da gaske shi ne wajen fenti, kuma hunturu ya fi bazara. Fentin da ya dace da waɗannan abubuwa shi ne akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, sai ka ɗiga fenti a faranti, kafin ka wanke buroshi ka dawo ya yi fata. Yawancin bidiyon koyarwa da za ka gani a YouTube a ƙasashe masu danshi aka ɗauke su, shi ya sa za ka bi su daki-daki amma naka ya fito da kauri da gurje-gurje. Maganin wannan ba sai ka saya ba. Ka samu robar abinci mai murfi, marar zurfi, ka shimfiɗa soso siriri ko tishu ninki huɗu, ka jiƙa shi sharkaf amma kada ruwa ya kwanta a sama, ka ɗora takardar da masu kek ke shimfiɗawa a tire. A kan takardar za ka riƙa ɗiga fentin. Danshi yana ratsowa daga ƙasa kaɗan-kaɗan, fentin ya yi awanni bai bushe ba. Ni wannan 'yar robar ita ta canza mini aiki fiye da duk wani buroshi mai tsada da na taɓa saya.

Sai ƙura. Ranar da hazo ya sauko, ko ka rufe ƙofa da taga sai ta shigo, kuma fenti ɗanye yana kama ta. Da na gama shafa hannu ɗaya sai in kifa kofin gilashi ko kwano a kan abin har ya bushe. Fanka kuma a kashe take muddin buroshi na hannuna, shi ya sa na fi yin aiki bayan sallar asuba, lokacin da gari bai ɗau zafi ba kuma hasken safiya yana nuna launi yadda yake.

Masu ruwan tokan suna bukatar fentin shimfiɗa kafin launi, in ba haka ba launin zai riƙa zamewa. Su suna jure fentin gwangwani idan aka fesa shi sama-sama, amma a yanayinmu akwai tarko: idan ka fesa da rana ko daga nesa, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin sojan ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar samfefa. Ka fesa da sassafe, daga tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a gajerun bugu, kuma ka fara gwadawa a kan guntun firam ɗin da ka yanke. Fararen kuwa ba sa bukatar gwangwani sam. Ka wanke su da sabulu don cire maiƙon mazubi, su bushe, ka shafa hannun farko na akirilik da buroshi ba tare da ka sirka da ruwa ba, domin robar tana korar ruwa. Daga hannu na biyu sai ka fara sirkawa.

Fentin da aka yi don wannan aikin, irin su Vallejo na Sifen ko Citadel na Games Workshop, garin launinsu ya fi laushi kuma sun fi rufewa. Idan wanka zai sake aiko da wani abu, ka ce ya bar ƙarin dodanni ya aiko da kwalabe shida zuwa takwas: baƙi, fari, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa, launin ƙarfe, da ruwan inuwa mai duhu wanda ke gangarawa cikin lunguna ya fito da zane. Kafin su iso, akirilik na masu zane da ake samu a shagunan kayan makaranta zai yi maka, sai dai ka shafa shi siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Sauran kayan aiki duk suna kasuwa: abin yanke farce don cire sassa daga firam, reza don kankare layin da mazubi ya bari, farin gam na kafintoci da yashi da aka tankaɗe da rariya don yi wa gindinsu ƙasa. Yashin bakin gulbin Rima na fi so, yana da laushi kuma launinsa ya dace. Idan ka gama, ka rufe da banish, wato ruwan kariya marar launi da ake shafawa a kan fenti, marar ƙyalli na akirilik, domin gumin hannu a bazara yana cin fenti da sauri.

Girma da wasa

Ka ɗauki soja guda ka auna shi da rula. Idan ya kai milimita 28 zuwa 32, shi ne girman da yawancin wasannin yau suke amfani da shi. Akwai ƙanana da ake kira 1:72, mutum a cikinsu wajen milimita 24 ne, sun fi araha nesa ba kusa ba, amma idan ka jera su da na farkon za su zama kamar yara a sahun manya. Dodanni su ba ruwansu da wannan, tunda ba wanda ya taɓa auna dodo: mai kan bijimin nan zai yi aiki a kowane girma. A Dungeons & Dragons ana shimfiɗa takarda mai gidaje, kowane gida inci ɗaya yana wakiltar ƙafa 5, mutum ya ci gida ɗaya, babban dabba ya ci biyu a biyu. Wasannin runduna kuwa ba gidaje, tef ɗin awo ake ja a kan tebur. Shawarata kada ka haɗa kwalin gaba ɗaya. Ka ɗauki biyar ka gama su tsaf, har banish, kafin ka taɓa na shida. Na san mutane da yawa da suka haɗa sittin a mako ɗaya, yawan ya tsorata su, har yau suna nan ruwan toka.

Abin da ya fi riƙe ni a harkar nan, in gaya maka gaskiya, ba dodannin Turawa ba ne. Mai jikin zaki da kan mikiya, da maciji mai kawuna da yawa, daga tatsuniyoyin Girkawa da maƙwabtansu suka fito, yaranmu ba su san su ba. Amma ka ce Dodo, ka ce Gizo, ka ce macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura da ke hana ɗiban ruwa, nan take kowa ya gyara zama. Ana kwaɓa wani gam mai kamar tuwo kala biyu, irin wanda ake toshe yoyon bututu da shi, a ƙara wa ƙato gashi da tumbi ya zama Dodon tatsuniya. Mahayan dawaki na roba kuma ana yi musu lifidi da kwalkwali su koma barade irin na ƙasar nan. Wanda yake son ganin yadda kayan yaƙin suke a zahiri ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, ko ya lura da kyau a hawan sallah.

Maganar Baba

Wannan ita ce mafi nauyi, kuma a nan ilimina yake da iyaka. Ni mai fenti ne, ba malami ba, hukunci ba nawa ba ne. Abin da zan iya shi ne in nuna maka cewa Baba bai yi magana a banza ba. Malaman Malikiyya sun bambanta hoton da ke kwance a takarda da siffa mai jiki wadda ke da inuwa, kuma sun tsananta a kan siffar abu mai rai idan ta cika da gaɓoɓinta. Sun keɓe 'yan tsanan yara mata, saboda hadisan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ciki har da wanda Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta akwai doki mai fukafukai. Ko wannan rangwamen ya shafi baligi mai tara irin waɗannan, tambaya ce ta malamai. Akwai kuma batun ƙwayar da ake jefawa irin ta ludo, wadda wasannin nan suka dogara da ita, domin hadisin hani ga nardu, wani tsohon wasa da ake yi da ƙwayar jefawa, yana cikin Muwaɗɗa. Ka ɗauki soja guda a aljihu ka je wurin malamin da Baba yake girmamawa, ka nuna masa abin a hannu, ka bayyana masa yadda ake wasan, ka gaya masa ba caca a ciki, sannan ka saurari abin da zai ce da zuciya ɗaya.

Kafin nan, gida na Baba ne. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ka ɓoye su a bayan idonsa, wannan shi ne zai ɓata komai. Ka tattara su cikin kwali ka kai ajiya wurin da ya yarda, ko ka riƙe wa wanka har ya dawo. Wasan kansa bai rataya a kan mutum-mutumi ba. Ana yin sa da murafan kwalba da aka rubuta wa suna, ko 'yan katako masu tuta, kamar yadda hafsoshin 1824 suka yi da guntayen ƙarfe masu launi ba siffar kowa. Mu ma akwai zaman da muke yi da katuna masu lamba a cikin hula maimakon ƙwayar jefawa, saboda wani abokinmu da ba ya son taɓa ta.

Kuma rabin daɗin sana'ar yana wajen gina filin, wanda babu mai rai a cikinsa. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin, ka yanka shi da reza, ka shafe shi da farin gam da aka kwaɓa da jar ƙasa da yashi, sai ga ganuwa da ƙofarta. Kada dai ka fesa masa gwangwani ko ka ɗiga masa sufa gulu, cinye shi suke yi nan take. Karan dawa da aka tsaga yana yin rumbu da danga, busasshen reshen ƙaya yana yin bagaruwa, waya da aka murɗa aka naɗe da zare tana yin giginya. Ganuwar farko da na gina tsawonta kamu biyu ne, da soron ƙofa da 'yan zankwaye a sama, kuma mahaifina da kansa ya gyara mini ita, ya ce ƙofar gari ba ta yin faɗi haka, mahayi biyu ne kawai ke wucewa a jere. Ka fara da wannan ka kai wa Baba ya duba maka.